Ba ni gishiri in ba ka manda: Me Najeriya ke samu a ƙawance da ƙananan tsibirai?

A ƙarshen watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya kai ziyara Saint Lucia, wani tsibiri a yankin Karibiyan da mutanensa ba su kai dubu 200 ba. Ya yi wa ɗaliban yankin alƙawarin guraben karatu a Najeriya, ya kuma kawo batun ɗage biza ga masu fasfon diflomasiyya. 'Yan adawa, ciki har da Peter Obi, sun soki tafiyar, wasu kuma na tambayar ribar da ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 za ta ci a wannan ƙawance.

Najeriya ta riga ta gwada irin wannan hulɗa a kusa da gida, da Sao Tome da Principe, ƙasar tsibirai biyu a mashigin tekun Gini, wadda ta samu 'yanci daga Portugal a 1975.

Rabon mai: 60 da 40

Ƙasashen biyu sun yi saɓani kan iyakar ruwa a wani yanki da ake kyautata zaton akwai man fetur. Maimakon zuwa kotu, sai suka sanya hannu kan yarjejeniya a Abuja a watan Fabrairun 2001, suka ware yankin don haƙar haɗin gwiwa. Najeriya ta ɗauki kashi 60, Sao Tome kashi 40, aka kafa hukumar kula da yankin a Abuja.

Najeriya ta samu kaso mafi tsoka ba tare da shari'a ba. Ita kuwa Sao Tome ta samu abokiyar da ta san harkar mai, da kuma babbar yaya da za ta tsaya mata.

Ba a jima ba aka gwada wannan. A ranar 16 ga Yulin 2003 sojoji suka yi juyin mulki a Sao Tome, daidai lokacin da Shugaba Fradique de Menezes ke halartar taro a Abuja. Najeriya ta yi watsi da juyin, aka shiga sulhu, bayan mako guda Shugaba Olusegun Obasanjo ya raka shi gida da kansa.

Da man bai zo ba

Kamfanonin da suka karɓi fili na farko sun biya dala miliyan 123, Sao Tome ta samu kusan miliyan 49. A 2006 Chevron ya haƙa rijiya ya ga alamun mai, amma bai kai yawan da za a yi kasuwanci da shi ba. Manyan kamfanoni suka janye ɗaya bayan ɗaya, ɗokin ƙawancen ma ya ragu.

Ƙaramar ƙasa kuma ba ta rasa mai zawarci, domin ƙuri'arta a Majalisar Ɗinkin Duniya ɗaya ce, daidai da ta Amurka. Tun 1997 Sao Tome ke hulɗa da Taiwan tana karɓar tallafi, amma a Disambar 2016 ta juya mata baya ta koma wajen China. Duk babbar ƙasar da ta ɗauka cewa ƙaramar ba ta da zaɓi, ta yi kuskuren lissafi.

Abin da ya shafi Kebbi

Nijar ba tsibiri ba ce, amma mutanen Kebbi sun san wannan lissafi a aikace. Layin lantarkin da ke kai wuta Yamai ta Birnin Kebbi yake bi. An daɗe ana kallon wutar a matsayin tukuicin barin Kogin Kwara ya gangaro Kainji ba tare da Nijar ta tare shi da madatsa ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar, ta rufe iyaka, ba ta janye matakan ba sai a Maris 2024. A tsakanin nan 'yan kasuwar Kamba da manoman shinkafa da albasa na Argungu da Augie, waɗanda suka saba da masu saye daga Dosso da Dogon Dutsi, su ma sun ji a jikinsu. Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

A Sao Tome, Najeriya ta yi amfani da girmanta wajen sulhu, ta riƙe abokiya. A Nijar ta yi amfani da shi wajen matsin lamba, hulɗar ta yi tsami. Abin da za a auna ziyarar Saint Lucia da shi ke nan: ko ɗaliban da aka yi wa alƙawari za su iso jami'o'in Najeriya, da kuma ko ɗan kasuwa mai koren fasfo zai samu sauƙin da aka nema wa masu fasfon gwamnati.