Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Kula da Sadarwa ta ARCEP, Yamai



Daga Gidigir nake rubuto muku, a kan hanyar Damagaram zuwa Gure. A nan mutum kan sayar da akuya ya sayi salula, kuma ba don ado ba. Da saƙon murya na WhatsApp yake jin farashin dabbobi, da shi yake gaisawa da ɗansa da ke ci-rani a Libiya ko Kano. Wanda bai yi boko ba, wannan ne wasiƙarsa.

Ranar 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba. Waya lafiyarta lau, batir na riƙe caji, amma ta zama fitila kawai, domin kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina sabunta manhajarta. Mai ita bai san da wannan wa'adi ba ranar da ya biya kuɗinsa, kuma wannan ne ke ci mini rai.

Google ya yi wa wayarsa Pixel 8 alkawarin sabunta manhaja na shekara 7, Samsung ma haka ga Galaxy S24. Tarayyar Turai, tun 20 ga Yuni 2025, ta wajabta aƙalla shekara 5. Mu masu sayen mai araha da ta hannu fa?

Roƙona: duk wayar da za a shigo da ita Nijar, a tilasta rubuta shekarar da sabuntawarta za ta ƙare a jikin kwali. A kuma sanar a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci.

Wassalam.
Wani mai gyaran salula, Gidigir