Jinyar baƙo a ƙasar waje: A kan wa ya kamata nauyin ya rataya?

Tun daga ranar 6 ga Fabrairun 2024, duk baƙon da ya nemi bizar zama a Birtaniya ta fiye da wata shida sai ya biya fam 1,035 a kan kowace shekara a matsayin harajin kiwon lafiya. Ɗalibai da yara kuwa fam 776 ne. Lokacin da aka ƙirƙiro harajin a 2015, fam 200 ne kacal. Ya koma 400 a 2019, sannan 624 a 2020.

Ana biyan kuɗin ne gaba ɗaya tun kafin a ba da biza. Magidancin da ya samu aikin shekara uku, kuma zai tafi da matarsa da ’ya’ya biyu, zai ajiye fam 10,866 kafin ya taka jirgi. Ga ’yan Najeriya, waɗanda ke cikin sahun gaba na masu zuwa karatu da aiki a ƙasar, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Hujjar gwamnati ita ce hukumar lafiya ta NHS, wadda aka kafa a 1948, da harajin jama’a take gudana, don haka bai dace sabon zuwa ya ci moriyar abin da bai taɓa zuba komai a cikinsa ba. Hujjar tana da ƙarfi a kan mai ziyara na ɗan lokaci. Shi ya sa asibitocin Ingila ke cajin baƙon da bai biya harajin ba kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinya, kuma ƙasashen yankin Schengen ba sa ba da bizar ziyara sai an nuna inshorar da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000.

Amma hujjar tana rauni idan aka zo kan ma’aikaci. Daga albashinsa na farko ake cire masa haraji kamar kowane ɗan ƙasa, ke nan ya biya sau biyu. Gwamnatin kanta ta amsa wani ɓangare na wannan ƙorafi a 2020, a tsakiyar annobar korona, lokacin da ta yafe wa likitoci da ma’aikatan jinya baƙi harajin. Injiniya ko malamin jami’a da ke biyan haraji iri ɗaya bai samu wannan sassauci ba.

Wasu na ganin mafita ita ce a bar baƙo ya sayi inshorar kamfani mai zaman kansa. A yanzu dai ko ya saya, ba za a ɗauke masa harajin ba. Ko da an ɗauke, akwai sauran rina a kaba. Yawancin irin waɗannan kamfanoni a Birtaniya ba sa biyan jinyar ciwon da mutum ya zo da shi, ko cuta mai daɗewa kamar ciwon sukari da hawan jini, ko haihuwar da ta zo lafiya lau. Wanda ya yi haɗarin mota kuwa, sashen gaggawa na asibitin gwamnati za a kai shi. Kamfani zai kwashi kuɗin masu ƙoshin lafiya, ya bar wa gwamnati masu tsananin buƙata.

Ƙasashen yankin Gulf sun bi wata hanya dabam. A Saudiyya, doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin yi wa ma’aikacinsa inshora, kuma ba a sabunta takardar iƙama sai da ita. Dubai ta kafa irin wannan doka a 2013. Tsarin ya fi sauƙi ga aljihun ma’aikaci, sai dai ya ɗaure lafiyarsa a hannun ubangidansa: ranar da aiki ya ƙare, kariyar ma tana dab da ƙarewa. Waɗanda izinin zamansu ya lalace su ne suka fi shiga tasku.

Jamus kuwa tun 2009 ta wajabta inshora ga kowane mazauni, baƙo da ɗan gida, kuma a asusun gwamnati gwargwadon albashi ake yanka. Wannan ya fi kusa da adalci, domin zama da samun kuɗi ne ma’auni, ba launin fasfo ba. Najeriya ma, a dokar NHIA ta 2022, ta wajabta inshorar ga ’yan ƙasa da baƙin da ke zaune bisa ƙa’ida.

Saboda haka, inshorar kamfani ta dace da ɗan kasuwar da zai yi mako biyu a Dubai ko Turai ya dawo, kuma ganganci ne ya tafi babu ita. Wanda ya tare da iyalinsa yana biyan haraji, haƙƙinsa ne a sa shi cikin tsarin da ’yan ƙasa suke ciki, a farashin da suke biya.