Cizon Haƙora Cikin Barci: Mu Daina Ɗora Wa Tsutsa Laifi



A gidajenmu na Ƙofar Mazugal, da zarar an ji yaro yana gurza haƙora cikin dare, hukunci ɗaya ake yankewa: tsutsar ciki ce, a sayo masa magani a kemis. Idan babba ne kuwa sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi. Ni a ganina wannan saurin yanke hukunci shi ke sa mutane asarar haƙoransu.

Yawancin yara suna dainawa da kansu idan sun girma. Matsalar ta manya ce, kuma babban abin da ke jawo ta damuwa ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanci nawa ne ke kwanciya da lissafin cefane a ransa? Ɗan adaidaita sahun da ya wuni a cunkoso tsakanin Mazugal da Ƙofar Wambai, ga balas bai cika ba, yakan datse haƙora bai ma sani ba. Ƙara da goro, da shayi mai kauri bayan isha'i, da sigari, da lemon ƙarin kuzari. Dukkansu suna hana jijiyoyi sakewa. Masu munshari mai tsanani ma sukan yi fama da shi.

Muƙamuƙi gaɓa ce kamar gwiwa, mahaɗarsa tana gaban kunne. Idan aka wahalar da ita kullum, sai mutum ya tashi da ciwon kai ta gefe, ko ciwon kunne alhali kunnen lafiya lau, ko baki ya ƙi buɗuwa sosai. Haƙora kuma su cinye, su riƙa tsami da ruwan sanyi. Abin takaicin, fatar haƙori idan ta gurje ba ta sake tsirowa.

Wani zai ce ina kuɗin ganin likita a wannan hali? Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. To amma wanda ya shekara yana haɗiyar Diclofenac kullum, cikinsa da ƙodarsa ne za su biya, kuma kuɗin wankin ƙoda ba a haɗa shi da na katin asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Idan ba ci ko magana kake ba, leɓe a rufe, haƙoran sama da na ƙasa kada su haɗu. A bar goro da shayi da dare. A daina tauna ƙanƙara da cingam da buɗe kwalba da haƙori. A gasa gefen fuska da tsumma mai ɗumi. Idan abin ya ƙi, akwai sashen haƙori a Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, likita zai iya auna maka robar da ake sawa a baki lokacin barci.

Amma a kula: idan muƙamuƙi ya goce baki ya ƙi rufuwa, ko ya sarƙe bayan an taka ƙusa, asibiti za a nufa nan take.

Uwargida, ke kike jin ƙarar cikin dare. Ki gaya wa maigida cikin hikima, shi bai san yana yi ba.

Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali.