Yawon Tsaunuka a Kan Babur Ba Yawon Banza Ba Ne

Bahaushe matafiyi ne tun asali. Ya kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, ya taka sayyada zuwa Makka ta ƙasar Sudan, ya tafi ci-rani, ya tafi almajirci gabas. Sai dai kowace tafiya daga cikin waɗannan tana da dalilin da za a iya faɗa wa dattijo ya gyaɗa kai. Tafiyar da ba ta da riba, ba ta da lada, ba kuma zumunta za a sadar ba, ita ce wadda harshenmu ya tanadar wa munanan sunaye: yawon banza, gantali, ragaita, zirga-zirgar rashin aikin yi. Shi ya sa ranar da mu huɗu, dukkanmu malaman makaranta masu furfura, muka sanar da iyalanmu cewa za mu hau Tsaunin Mambila a kan babura a hutun ƙarshen shekara, tambayar farko da aka yi mini ita ce, "Wa gare ku a can?" Da na ce ba mu da kowa, sai uwargidana ta dube ni ta ce, "Malam, da girmanka?"

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, irin wannan tafiya tana da dalili, kuma dalilin ya fi shafar wanda zai tsaya a gaban allo ya koyar da yara. Amma ba zan ɓoye wa ɗalibi cewa tafiya ce da ke iya cin rai ba, domin saura ƙiris ta ci na ɗayanmu.

Bari mu fara da wurin. Tsaunin Mambila yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, kuma hedikwatarsa ita ce Gembu. Wanda ya taso daga Jalingo zai bi ta Bali ya sauka Serti, inda ofishin Gandun Dajin Gashaka-Gumti yake, wato gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya. A cikin wannan gandu ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419, ko da yake shi a ƙafa ake hawansa. Daga Serti sai Mayo Selbe, kuma daga nan ne hanya take barin ƙasa ta kama jikin dutse, tana lanƙwasa tana murɗewa, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun, har ta fito da mutum Maisamari. Daga nan sai ƙasa ta buɗe: tuddai masu ciyawa iyakar ganin ido, a tsayin da ya kai kimanin mita 1,600 daga teku, da garkunan shanu a warwatse, da layukan bishiyar turare, da gonakin shayi na Kakara, da garin Nguroje, sannan Gembu.

Duk wannan ana iya ganin sa daga cikin mota, kuma motocin haya suna hawa kullum. To, me ya sa sai babur? Amsata ita ce, mai mota kallo yake yi, shi kuwa mai babur da jikinsa yake karanta hanya. Littafin labarin ƙasa yana cewa zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Na san wannan jimla tun ina sakandare, amma ban fahimce ta ba sai ranar da na bar Serti ina gumi da hantsi, kafin azahar kuma yatsuna sun ƙage a kan hannun babur, har sai da muka tsaya kowa ya zaro rigar sanyi. Haka kuma littafi yana cewa iska tana yin shakaf a sama. Babur ɗina ne ya fassara mini wannan, domin injin da ba shi da na'urar ƙara iska yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000, sai ka ji ka murɗa totur amma abin yana nishi kamar tsohon jaki. Kunne yana toshewa ya buɗe. Ƙamshin ƙasa yana sauyawa daga na busasshiyar ciyawa zuwa na ganyen turare da hayaƙin itace. A wata kwana mun shiga cikin hazo mai laima, muka fito ta samansa, muka juyo muka ga gajimare a ƙasanmu. Wanda ke cikin mota a matse, gilashi a rufe, yana gyangyaɗi, ya wuce duk wannan bai sani ba.

Akwai kuma abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin harshe. Mota tana tsayawa ne a tasha, babur kuwa yana tsayawa duk inda mai shi ya ga dama, kuma mutane ba sa jin nauyin matsowa kusa da shi. A bakin hanya, wajen mai shayi ko mai faci, a nan ake jin yadda harsuna suke zama da juna. A Mambila za ka ji harshen Mambila kansa, wanda yake da karuruwa masu nisa da juna, ka ji Fulatanci yana aikin da Hausa take yi a wasu wurare, wato haɗa waɗanda harshensu bai zo ɗaya ba, sannan ka ji Hausar kasuwa wadda ba ta damu da bambanta jinsin namiji da tamace ba. Ɗalibin da ya haddace ma'anar "harshen hulɗa" domin jarrabawa, a can zai gan shi yana tafiya da ƙafafunsa. Sunayen wurare ma darasi ne. "Mayo" a Fulatanci kogi ne, saboda haka duk garin da ka ga sunansa ya fara da ita, ka nemi ruwa kusa. Sunan ƙaramar hukumar kuwa tarihi ne a dunƙule: yankin yana cikin Arewacin Kamaru da Ingila take riƙo, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 jama'arsa suka zaɓi shiga Nijeriya, aka kira lardin da sunan sarautar Sa Ahmadu Bello.

A nan ne na gano wani giɓi a bakina. Mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muna da dutse, da tsauni, da tudu, da hayi, da kwari, da kwazazzabo, da gangara, amma yawancinmu jera su muke yi kamar ma'anarsu ɗaya. Sai da na tsaya a gaban abin na ga cewa kowace kalma tana da gurbinta, kuma akwai siffofin ƙasa da na rasa sunan da zan ba su sai da dogon bayani. Malamin da zai ce wa yara su rubuta insha'i na siffantawa, alhali shi kansa bai taɓa tsayawa gaban wani abu sabo ya yi kokawa da kalmomi ba, me zai gyara musu ban da ƙa'idojin rubutu?

Yanzu sai batun abokai. Wasu suna ɗauka cewa tafiya tare don hira ce kawai. Hira tana ciki, kuma ba na raina ta, domin na ji labarin ƙuruciyar wani abokina a daren da muka kwana Serti wanda ban taɓa ji ba cikin shekaru ashirin da muka yi a ofis ɗaya. Amma a kan hanyar dutse abokin tafiya kayan aiki ne kamar birki. Kakanninmu fatake sun san haka, shi ya sa ayari yake da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba, kuma ba a tashi daga zango sai an tabbata kowa ya ɗaure kayansa. Mu ma haka muka tsara. Wanda ya taɓa bin hanyar shi ne a gaba, wanda ya fi mu sanin gyaran inji shi ne a baya da fulogi da famfo da kayan faci, mafi rauni a tuƙi kuma a tsakiya. Muka yi alkawari cewa saurin ayari shi ne saurin mafi nawa a cikinmu, ba a wuce juna a kwana, kuma ba a tafiya bayan magariba. Abin ya yi sauƙin faɗa. Riƙe shi yana da wuya, domin namiji in ya ga ɗan'uwansa ya ba shi rata, wani abu yakan motsa a ƙirjinsa ko da ya haura hamsin.

A wajen saukowa ne aka karya alkawarin. Mutane suna tsoron hawa, amma gangara ce take kisa. Akwai wata muguwar al'ada da direbobinmu da masu babura suka saba da ita, wato sakin abin hawa a furi, ko ma kashe inji gaba ɗaya, wai don a yi tattalin mai. A ƙaramar gangara ana tsira. A gangarar da ake yin kilomitoci ana sauka kuwa, duk nauyin babur da na mai shi yana komawa kan birki kaɗai, birki ya yi zafi, in ya yi zafi kuma sai ya daina kamawa, musamman irin na ƙananan baburan da muke hawa. Ƙa'idar ita ce a sauka da giyar da aka hau da ita, a bar inji ya riƙe babur, a rage gudu tun kafin a shiga kwana. Abokinmu ya san wannan sarai, domin shi ya maimaita mana shi da safe. Amma da ya ga hanya ta miƙe, sai ya saki, ya wuce jagaba yana dariya. A kwana ta uku ya taka birki ya ji wayam. Allah Ya sa ya sami dabarar kwantar da babur ɗin ta ɓangaren dutse maimakon ɓangaren rami. Ya karye a hannu, ya kuje a kafaɗa, hular kwanonsa kuma ta tsage daga goshi zuwa kunne. Da shi kaɗai ne, ban san awa nawa zai yi a wurin ba. Da yake muna tare, ɗaya ya tsaya da shi, ɗaya ya koma bayan kwanar yana tsayar da motoci kada su hau kansa, ni kuma na gangara na samo motar da ta kai shi asibiti.

Hular nan da ta tsage tana nan a ofishinsa har yau. Ina ambaton ta ne saboda na tuna abin da ya faru a farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, aka ga wasu masu babura sun kifa ƙwarya a kansu don su yaudari jami'ai, mu kuma muna dariya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna cewa hular kwano ta gari tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Wanda ya ce zai bi hanyar Mambila da hula zanna-bukar a kansa, ba na cikin masu ba shi goyon baya, kuma wannan rubutu ba da shi yake ba.

Saura maganar uwargidana, wato girma. Gaskiya ne darajar babur ta faɗi a idon jama'a. A da, malamin makaranta mai Honda ko Vespa abin kallo ne a gari. Daga baya acaɓa ta mamaye tituna, sai babur ya zama alamar neman na abinci, sannan ya zama abin zargi, har Jihar Kano ta hana haya da shi a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A shekarun da suka biyo baya 'yan bindiga a dazuzzukan Arewa maso Yamma suka ƙara ɓata masa suna. Wannan ɓangaren ba na jayayya da shi, kuma ya fi batun girma nauyi nesa ba kusa ba. Babura huɗu a jere a hanyar ƙauye suna iya tsorata mutane, suna kuma iya jawo tambayoyi a shingen jami'an tsaro. Mambila kanta ta ga mummunan rikici tsakanin manoma da makiyaya a 2017. Saboda haka mai niyya ya tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon da zai tashi, ya san dokar babur ta kowace jihar da zai ratsa, ya riƙe takardunsa da katin shaidar aiki, in ya isa gari ya fara gaida mai gari. In aka ce masa hanya ba lafiya, ya zauna gida. Amma batun cewa hawa babur don ganin ƙasa yana zubar da mutuncin malami, wannan kam ban karɓe shi ba. Mutumin da zai koya wa yara sunayen tsaunukan ƙasarsu daga littafin da wani baƙo ya rubuta bayan ya zo ya hau su, bai kamata ya ji kunyar zuwa ya gani da idonsa ba.

Ba kuma lallai ne a fara da Mambila ba, hasali ma ban ba sabon shiga shawarar haka ba. Ɗalibin da yake Zariya yana da Kufena a bayan gari, na Gusau yana da Kwatarkwashi in hanya ta yi lafiya, na Filato kuwa duwatsun Shere da na Riyom suna ƙofar gidansa, sai dai ya yi hattara da Hawan Kibo, inda manyan motoci suke yawan ƙwacewa. A fara da tafiyar yini ɗaya, mutum uku ko huɗu, a koyi tafiya a jere da sauka da giya. Wanda ya ƙware har ya nufi Mambila, ya bari sai ruwa ya ɗauke, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya cika tanki a Serti, ya sa littafin rubutu da fensir a aljihun gaba inda hannu zai kai da sauri, kuma ya duba birkinsa da kansa kafin ya bar Maisamari ya fuskanci gangara.