WA ZAI BIYA DIYYAR HUHUN TALAKA?

'Yan'uwa talakawa na Gulma da Argungu da Birnin Kebbi, ku ɗaga kai ku dubi sama. Farin silin nan da rufin siminti mai kwarmi da ke kan tsofaffin makarantu da ɗakunan shan magani da gidajen ma'aikata, da yawansu da asbestos aka yi su. To, mene ne asbestos? Wani dutse ne mai zare kamar auduga, wuta ba ta cinsa. Masu masana'antu suka same shi da araha, suka riƙa cusa shi cikin siminti, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, da bututun ruwa, da birkin mota. Riba tasu, ƙura tamu.

Muddin allon yana nan lafiya, bai cika yin ɓarna ba. Ranar da iskar farkon damina ta kwaye shi, ko kafinta ya sa masa zarto, ko bakanike ya hure ƙurar birki, ran nan zaren ke tashi. Ido ba ya ganinsa. Ya shige huhu ya maƙale, tari ba ya fid da shi. Sai bayan shekara 20 ko 30 ko 40 mutum ya kama sarƙewar numfashi, ko ciwon daji na huhu, ko na fatar da ta lulluɓe huhu. A ce asma ce, a ce sammu ne, a kai shi makwancinsa. Shi ke nan, an rufe magana!

Kada kowa ya ce mana ba a sani ba. A 1924 wata ma'aikaciya, Nellie Kershaw, ta mutu a Rochdale ta Ingila, likita ya buɗe huhunta ya tarar da wannan ƙura. A 1931 Ingila ta yi dokar tsare ma'aikatanta. A 1960 Likita Wagner ya tabbatar da ciwon dajin a Afirka ta Kudu. Duk da haka aka ci gaba da kakkafa masana'antunsa a ƙasar nan, har da Bauchi, ana kiransa ci gaba. Ingila ta haramta shi a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum fiye da 200,000 kowace shekara. Ashe huhun Bature ya fi na Bakabe tsada ne?

Muna tambayar mahukunta: tun da aka yanko Jihar Kebbi a 1991, ina lissafin ajujuwan da 'ya'yanmu ke zaune ƙarƙashin fasasshen sili? Ɗan kwangila ya yaye tsohon rufi, ina ake kai ɓaraguzan? Mu dai mun san inda suke ƙarewa: rumfar ɗan kasuwa, da akurkin kaji, da juji inda yara ke wasa. Ranar karɓar kuɗin rumfa ba a taɓa ɓatan hanyar kasuwa ba. Ranar gargaɗi kuwa kowa ya zama bebe.

Ga abin da muke nema. A ƙirga kowane ginin hukuma mai asbestos, a sa masa alama. A hana gwanjon tsofaffin alluna. A koya wa kafintoci da magina da kanikawa yadda ake taɓa shi, a ba su abin rufe hanci na gaske. A ware ramin binne shi nesa da gari da fadama. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ta zo ta nuna mana amfaninta.

Kafin su farka, mu tsare kanmu. Kada ku sayi fasasshen allo komai arharsa. Kada a yanka shi, kada a share ƙurarsa a bushe. A jiƙa shi da ruwa, a ɗauke shi sukutum. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Su kuwa masu neman ƙuri'a, in sun zo da shinkafa da atamfa, ku kama hannunsu ku kai su ajin 'ya'yanku, ku ce su ɗaga kai su dubi sama.