Sharhi: Wasan Barkwanci Gado Ne, Kada Ya Rikiɗe Ya Koma Zagi

Sharhinmu na yau ya duba wasan barkwanci ne, da irin aikin da yake yi mana a zaman tare.

Duk wanda ya saba zama a tashar mota ko teburin mai shayi a Basirka, Gwaram ko Birnin Kudu ya san yadda abin yake. Bafulatani zai hangi Babarbare ya ɗaga murya: "Kai bawana, zo ka ɗaukar mini kaya!" Shi kuma ya mayar masa: "Yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa?" Sai a kwashe da dariya, a ƙarshe ɗaya ya biya wa ɗaya kuɗin shayi. Haka Katsinawa suke da Haɗejawa, Gobirawa da Yarabawa, Buzaye da maƙera. Mu nan kudancin Jigawa, da yake har zuwa 1991 a cikin Jihar Kano muke, wasan Kanawa da Zazzagawa da mu ake yi.

A cikin gida ma haka ne. Kaka tana kiran jikanta namiji "maigida", tana yi masa gorin bai kawo cefane ba, jikarta mace kuwa "kishiya" ce. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, in watan Cika-ciki ya kama kuma a bi juna kuɗin shara.

Magabata sun san halin ɗan Adam, sun san ba ya son a faɗa masa aibinsa kai tsaye. Ka ce wa marowaci shi marowaci ne, kun ɓata ke nan. Amma taubashinsa zai tare shi a gaban jama'a ya ce, "An ce tun layyar bara tukunyar gidanka ba ta ga nama ba." Zai yi dariya tare da kowa, ya koma gida ya gyara. Mai cika baki da mai cin bashi ya ƙi biya duk ta wannan hanya ake ja musu kunne ba tare da an ci mutuncinsu ba. In 'yan'uwa biyu suka yi fushi da juna, sau da yawa abokin wasa ne ke shiga tsakani, domin al'ada ta hana a yi fushi da maganarsa.

Sai dai wasan yana da iyaka. Ba a taɓa addinin mutum, ba a zagin iyayensa, ba a yi wa nakasarsa ba'a. Ba a yin sa da suruki, can kunya ce ke aiki. Wanda ya tsokana kuma dole ya jure in an rama.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun riƙe wannan al'ada da muhimmanci, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014. Mu kuwa abin da muke gani a Facebook da TikTok ya isa ya tayar mana da hankali. Matashi zai ci zarafin gari guda ko ƙabila guda, in an yi magana ya ce ai wasa yake yi. Wannan zagi ne, kuma magana zarar bunu ce.

Saboda haka muna kira ga iyaye su nuna wa 'ya'yansu su wane ne abokan wasansu da inda wasan ya tsaya. Dagatai, masu unguwanni da arɗo-arɗo su yi amfani da shi wajen sasanta manoma da makiyaya, musamman lokacin kaka. Matasa kuma kowa ya auna maganarsa kafin ya sake ta. Allah Ya ƙara mana zumunci da zaman lafiya.