A Auna Ɗaki Kafin A Sayi Majigi

Duk wanda ya bi ta Dilimi a cikin garin Jos, inda shagunan kayan lantarki suke jere, sababbi da na hannu, zai lura da cewa majigi ya shiga sahun kayan da magidanta suke tayawa. A da sai makarantu da ofisoshi da masu gidajen kallon ƙwallo ne suke nemansa. Yanzu kuwa mai gida yakan so ya keɓe ɗaki guda, ya dasa shi, iyali su zauna su yi kallo a babban allo ba tare da yara sun fita yawon dare ba. Niyyar tana da kyau. Inda ake yin ɓarnar kuɗi shi ne, akasarin masu saye sukan tambayi ƙarfin haske da farashi, amma ba su auna ɗakin da za a kai abin ba.

Majigi dai ba baƙo ba ne ga mutanenmu. Tun zamanin Turawa motocin gwamnati suke zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna wa jama'a fim a kan tsabta ko noma, ga mai sharhi yana bayani da Hausa. Jos kuwa gari ne na fim: dattawa ba su manta da gidan sinima na Kwararafa ba, kuma a nan ne hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Ma'aikatan wancan zamani sun san abu guda da bai sake ba har yau, watau nisan majigi daga allo shi ne yake yanke girman hoto. Su suna da fili, in hoton ya yi ƙanƙanta sai su ja mota baya. Mai ɗaki ba shi da wannan dama, bango ya tsare shi.

Ga yadda lissafin yake. Kowane majigi yana da adadin da kamfani ya rubuta a takardarsa, wanda yake nuna nisan da yake bukata gwargwadon faɗin allo. Da yawa daga cikin na gida adadinsu yana kusa da 1.5, ma'ana a ninka faɗin allo sau ɗaya da rabi. Allon da ake kira mai inci 100, daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Ainihin faɗinsa inci 87 ne, tsayinsa inci 49. To, 87 sau ɗaya da rabi ya ba da kusan inci 131, watau ƙafa 11 ba kaɗan. Ɗakunanmu kuwa da yawa ƙafa 12 ne kowane gefe. Idan idon majigi ya tsaya a ƙafa 11, jikinsa ya cinye sauran ƙafa ɗayan, ya manne da bango, babu inda wayoyi za su shiga, babu kuma inda zafi zai fita. Mai irin wannan ɗaki sai ya haƙura da allo mai inci 80, wanda ƙafa 9 ta ishe shi, ko kuma ya nemi majigi mai gajeren zango, wanda yake cika allon inci 100 daga wajen ƙafa 4. Wannan ya fi tsada, shi ya sa ya kamata a san haka tun kuɗi suna aljihu.

Da an san nisa, sai maganar inda zai zauna. Ɗora shi a kan tebur shi ne mafi sauƙi, amma a gidan da yake da yara ba ya ƙarko: wannan ya gitta inuwarsa ta rufe allo, wancan ya yi tuntuɓe da waya, ga hasken da ba a so yaro ya leƙa. Kanta a jikin bangon baya ta fi, in dai nisan ya dace kuma an bar masa sarari ya sha iska.

Rataye shi a sama shi ne ya fi duka, shi ne kuma ya fi bukatar hankali. Majigin gida yakan kai kilo 3 zuwa 5. Silin na kwali ko na farar ƙasar ado da ake yayi yanzu ba a yi shi don ɗaukar kaya ba; wanda ya ɗaura ƙarfen rataya a jikinsa, ya ajiye nauyi ne a kan 'ya'yansa yana jiran ranar da zai faɗo. Lalle ne kusoshin su kama katakon rufi, ko kuma a huda kankare in gidan mai bene ne. Maƙeran walda suna iya ƙera maratayi mai kyau, amma a kai musu majigin su auna ramukan da suke ƙarƙashinsa, domin kife shi ake yi, sa'an nan a juya hoton daga cikin saitinsa. Fanka kuma, wadda a tsakiyar silin take zama, ita ce abin da ake yawan mantawa da shi. In haske ya ratsa fukafukanta, hoton zai yi ta ƙiftawa. Ko dai a sauko da majigin ƙasa da ita, ko a gusar da ita.

Idon majigi ya fuskanci tsakiyar allo sosai, kada ya karkace. In aka ɗaga bakinsa sama, hoton yakan fito kamar bokiti, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Akwai maɓallin gyara wannan, masu shago kuma suna son nuna shi, amma gyaran yana rage wa hoton kaifi ne, domin matse wani sashe na hoton yake yi. Gara a gyara mazaunin. Haka kuma ƙa'idar tsayin allo da take cikin takardun kamfani an yi ta ne don masu zama a kan kujera. A gidan da ake zama a kan darduma sai a sauko da allon, in ba haka ba kowa ya tashi da ciwon wuya.

Saura zafi da wuta. Sanyin Jos yana taimakawa, amma garin yana bisa tudu na kimanin mita 1,200, iskarsa ba ta kai ta ƙasa kauri ba wajen sanyaya na'ura, ga ƙurar hunturu da take toshe matatar iska. Majigin da aka rataye shi ne aka fi mantawa da share shi, saboda sai an hau tsani. Majigi mai ƙwan fitila kuma yana bukatar fankarsa ta ci gaba da juyawa bayan an kashe shi. In aka ɗauke wuta farat ɗaya, ƙwan yakan zauna cikin zafinsa, kwanansa ya ragu, kuma sabon ƙwai ba araha ba ne. Don haka soket ɗin da za a kai silin a jawo shi daga inbata ko na'urar ajiyar wuta, a kuma binne bututun wayoyi tun kafin mai silin ya rufe aikinsa.